Kayan abinci bashi daga kofaretif ɗinmu: abin da na gani

Ƙungiyar gama-kai ta ma'aikatan makarantarmu, wadda kowa ke ce wa kofaretif, tana raba kayan abinci bashi sau biyu a shekara, gab da azumi da kuma bayan kaka idan hatsi ya sauko. Tsarin ba wani mai wahala ba ne. Za ka cike fom ka rubuta abin da kake so, shinkafa ko masara ko taliya ko mai da sukari, abokan aiki biyu su tsaya maka, daga nan a riƙa cira a albashinka har wata shida. Kwamiti ne ke zuwa Dawanau ya sayo hatsi, ya shiga Singa ya sayo na kwali da na jarka, sannan ya ɗora ribar kashi 10 cikin 100 a kan yadda ya saya. Sababbin malamai sun dame ni da tambayar ko su shiga, shi ya sa na ga gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Da can ban damu da su ba. Kantin Alhaji na bakin layinmu ya ishe ni, ana rubuta min a littafi, wata ya mutu in biya. Abin ya canja ne bayan 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kayan masarufi suka bi ta. Zuwa Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. An yi ƙarin albashi, tarayya ta sa mafi ƙanƙanta naira 70,000, Kano ta ce 71,000, amma a lokacin buhun shinkafa guda ya fi ƙarfin wannan kuɗin. Wata rana Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, wallahi ni ma yanzu 'yan Singa ba sa ba ni kaya sai da kuɗi a hannu." Ban ga laifinsa ba. Littafin nasa ya cika da sunayen magidanta irina.

Babban abin da na yaba wa kofaretif shi ne, ranar da ka sa hannu ka san ƙarshen bashinka. Ma'aji zai buɗe maka rasit ɗin kasuwa, ya nuna maka abin da aka ɗora, ya raba gida shida a gabanka. Ko albashi ya makara, ko sisi ba a ƙarawa. Malamin Islamiyyar da ke cikin kwamitin ya tsaya a kan cewa sai ƙungiya ta mallaki kayan tukuna sannan ta sayar mana, wato ciniki ne irin na murabaha da bankuna kamar Jaiz suke yi, ba rance da kuɗin ruwa ba. Ga mai gudun riba wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai wanda ya ga manhajojin bashi na waya zai san darajar wannan. Wani ƙanen matata ya karɓi ɗan kuɗi a wata manhaja don sayen magani, aka zaftare wani abu tun kafin kuɗin su shigo, aka ba shi mako guda. Da ya kasa, sai ga saƙo a wayata, da ta surukata, har da ta limamin unguwarsu, wai ɓarawo ne ana nemansa. Yaron ya daina zuwa majalisa. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasu irin waɗannan kamfanoni a Legas a Maris 2022, Google ma ya hana su leƙa lambobin waya da hotunan mutane daga ƙarshen Mayun 2023, amma har yanzu ana turo wa mutane tallarsu. A kofaretif, iyakar tonon asirinka mutum uku ne: ma'aji da masu tsaya maka. Su ma kowa da nasa fom ɗin a aljihu, bashi hanji ne.

To, ga inda ba su burge ni ba.

Jinkiri. An taɓa rufe karɓar fom tun cikin Rajab, kaya ba su iso ba sai da muka kai goman tsakiya. Sukarin da ka nema don kunun buɗa-baki ya zo an kusa fara ɗinkin Sallah. Na je wurin sakatare na ce, "Ranka ya daɗe, yara fa sun fara tambaya," ya ce mota ce. Kullum mota ce. Kuma idan kayan suka iso, akwai waɗanda tun kafin a sauke an ware musu shinkafa mai kyau, mu na baya mu tashi da mai tsakuwa. Uwargida ta kwashe kwanaki tana tsinta a faifai, tana yi min kallon da na gane.

Na biyu ba laifinsu ba ne kacokan, amma ya kamata mai shiga ya sani. Farashin ranar saye shi za ka biya, ko kasuwa ta tashi ko ta faɗi. Lokacin da kaya ke hawa kullum, mun ci riba, don kafin ka gama biya buhun ya wuce yadda aka ba ka. Amma a 2025 da hatsi ya karye, sai ga mu muna biyan masara a tsohon farashi alhali maƙwabci yana auno ta da araha a kasuwa. Kwamitin bai rage ko kwabo ba, kuma a ƙa'ida ba shi da dalilin ragewa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar rabo. Akwai 'yan kasuwa da ke ajiye kura a bakin ƙofar makaranta, sun san abin da suke jira. Malami zai fito da buhun da aka rubuta masa da tsada, ya sayar nan take da ragi, ya soke kuɗin a aljihu ya tari a-daidaita-sahu. Ba shinkafa yake buƙata ba, mai gidan haya ne ya ba shi wa'adi, ko matarsa na kwance a asibiti, ko an koro yara kan kuɗin makaranta. Ƙungiya ba ta ba da tsabar kuɗi sai wanda ajiyarsa ta yi nauyi, wanda ajiyarsa ta yi nauyi kuwa ba shi ne a matse ba. Mutumin nan zai shafe wata shida ana yankar albashinsa a kan abincin da gidansa bai ci ba, kuma tun alat bai huce ba zai koma neman wani bashin. Na kawo maganar a taron shekara, na ce a ware ko ɗan asusun gaggawa ne mara riba. Aka ce za a duba.

Ga mai tambaya ko ya shiga: idan albashinka na zuwa a kan kari kuma abincin za ka ci, shiga, amma ka nemi na bayan kaka, ya fi na azumi sauƙi da zuwa a kan lokaci. Kada abin da za a cire ya hana ka kuɗin cefane da na mota, domin buhu ba ya dafa kansa. Kuma kafin ka tsaya wa wani, ka tambaye shi bashi nawa ne a kansa, don idan ya bar aiki ko aka yi masa canjin wuri, albashinka za a bi. Ni bana masara da mai kawai na rubuta, taliya da sukari na bar su.