Kamfanin fiton da ke ba da rasit kan kowace naira: abin da na gani

Kekunan ɗinki da kayan gyaransu nake sayarwa a Kano. Daga Guangzhou nake ɗauko su, su sauka Legas, tirela ta hauro da su Arewa. Abokan sana'a sun yi ta tambayata game da kamfanin fiton da na koma wa, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan ambaci sunansa ba, domin akwai inda zan yaba, akwai inda zan kushe, kuma ba talla aka biya ni in yi ba. Sun fi tsohon ejan ɗina tsada, sun fi shi jinkiri, amma ni dai na zauna da su.

Duk wanda ya taɓa shigo da kwantena ya san tsarin "komai da komai". Ejan zai yanka maka kuɗi dunƙule guda, ya ce Alhaji kai dai turo, kayanka za su same ka a sito. A cikin dunƙulen nan akwai kuɗin fito, akwai na kamfanin jirgi, akwai na tasha, akwai na mota, akwai kuma na goro da ba a rubutawa. Ba ka san nawa ya shiga asusun gwamnati ba, ba ka san nawa ya shiga aljihu ba. Yadda arahar ke samuwa kuwa sananne ne: a rubuta kayanka ƙarƙashin wata lamba mai ƙaramin haraji, ko a rage darajarsu a takarda, sai a raba abin da ya yi saura. Kai da ka biya, takardun da za a miƙo maka ba su yi daidai da abin da ke cikin kwantenar ba, kuma sunanka ne a kai, ba na ejan ba.

Waɗannan ba haka suke aiki ba. Tun zaman farko suka nemi takardar cinikin da kamfanin Sin ya ba ni, da jerin kayan da aka loda, suka tura ni bankina in buɗe Fom M, wato takardar neman shigo da kaya, da sunan kasuwancina. Suka bi mini takardar SONCAP ta ingancin kaya, suka jira PAAR, takardar da kwastam ke bayarwa don ƙiyasta kuɗin fito, ta fito. Da aka ƙiyasta kuɗin fito, ba a hannunsu na zuba ba: ni na biya ta banki, aka ba ni shaida. Ladan aikinsu daban aka rubuta shi, a shafi daban, da sa hannun manaja.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fayil ɗin da suka aiko tare da direba. Kore ne, na kwali, an ɗaure shi da zare. A shafin farko an ja layuka: abin da aka biya, wanda aka biya, ranar, lambar rasit. Harajin VAT na kashi 7.5 yana layinsa, harajin ECOWAS na kashi 0.5 yana layinsa, kuɗin kamfanin jirgi, kuɗin ajiya a tasha, jinginar kwantena da za a mayar in an dawo da ita fanko, kowanne an maƙala rasit ɗinsa a baya da ƙusar takarda. Na zauna a shago bayan la'asar da kalkuleta na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu layin "sauran kuɗaɗe". Jimillar ta yi daidai da abin da ya fita daga asusuna. Jinginar kwantenar ma ta dawo, duk da sai da na yi ta tuni.

An gwada su a kan kayana, kuma nan ne na san ba a baki kawai abin ya tsaya ba. Bayan an buɗe kwantenar an duba, sai sa hannu ɗaya ya maƙale a wani teburi. Ba a ce takarda ta gaza ba, ba a ce kaya sun saɓa ba, gobe kawai ake ta cewa. Yaron da ke riƙe da fayil ɗina ya kira ni da yamma ya ce, "Alhaji, so ake a ga mutum, mu kuma ba ma yi. Za mu rubuta wa na sama, in bai motsa ba mu kai ƙorafi Hukumar Masu Safarar Kaya ta Ruwa. Amma gaskiya kuɗin ajiya zai hau kanka, gara ka sani tun yanzu." Na ce masa, "Ɗana, a yi yadda kuka saba." Suka rubuta, suka turo mini hoton wasiƙar da hatimin karɓa a kanta. Kayan sun fita. Kuɗin ajiya da na jinkirin kwantena da na biya, a lissafina, sun zarce abin da wancan teburin yake nema. Wannan ita ce gaskiyar farashin aikinsu, kuma duk mai son ya koma wajensu ya sa ta a lissafi.

Na tambayi mai kamfanin dalilin wannan tsauri, tunda kowa ya san yana rasa kwastomomi a kai. Ya ce rabin aikinsa na kamfanonin da ke hidima wa masu haƙar mai ne, su kuma tun shari'ar Panalpina ba sa ba ejan aiki sai ya sa hannu cewa za su iya buɗe littattafansa duk ranar da suka so. Ba zai iya riƙe littafi biyu ba, ɗaya nasu ɗaya namu.

Panalpina a wancan lokacin babban kamfanin jigilar kaya ne na ƙasar Suwizalan, aikinsa irin na ejan ɗinmu ne sak, girma kawai ya bambanta. A watan Nuwamba na 2010 ya amsa a gaban hukumomin Amurka cewa tsakanin 2002 da 2007 ya ba da cin hancin da ya kai aƙalla dala miliyan 27 ga jami'ai a ƙasashe bakwai, ciki har da Najeriya da Angola da Birazil da Rasha. A Najeriya kuɗin na fitar da kayan kamfanonin mai ne ba tare da bin ƙa'idar fito ba. Panalpina ce ke miƙawa, sannan ta rubuta kuɗin a takardar cajin kwastoma da wani suna mai kama da aikin ofis, kwastoman ya biya kamar bai sani ba. Ita da kamfanonin harkar mai da binciken ya haɗa da su, irin su Shell da Transocean da Tidewater da Noble, sun biya tarar da ta haura dala miliyan 236 gaba ɗaya. Kason Panalpina kusan miliyan 82 ne, na Shell kusan miliyan 48, kan kayan aikin rijiyar mai ta Bonga. Tun 2008 ma kamfanin Panalpina ya tattara ya bar harkarsa ta cikin Najeriya.

Haka aka yi a kwangilar gina masana'antar iskar gas ta tsibirin Bonny, wadda ta haura dala biliyan 6. Gamayyar kamfanoni huɗu da ake kira TSKJ ta bi ta hannun 'yan tsakani, ciki har da wani lauya a Landan, Jeffrey Tesler, aka zuba kimanin dala miliyan 180 don jami'an Najeriya. A 2009 KBR, ɗaya daga cikin huɗun, da tsohon uwar kamfaninsa Halliburton suka biya dala miliyan 579 a Amurka. Abin da Halliburton ta amince ta biya Najeriya a ƙarshen 2010 dala miliyan 35 ne. Wannan yana mini ciwo ƙwarai. Ƙasar da aka kwashe wa haraji, aka lalata wa ma'aikata, ita ce ta tashi da ɗan guntu, babbar tarar ta shiga baitulmalin ƙasar da kamfanin ya fito. Dokar Amurka ta 1977 mai hana ba jami'an ƙasashen waje cin hanci ce ta kama su, ba tamu ba.

Mun saba ɗora laifin duka a kan jami'inmu mai miƙo hannu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Manyan kamfanonin nan ba su taɓa kuɗin da hannunsu ba, ɗan tsakani suka ɗauka don su iya cewa ba su gani ba, kuma dunƙulen "komai da komai" da muke turawa ejan wannan aikin yake yi mana. Hadisin da muke ji tun muna makarantar allo bai ware mai bayarwa daga la'anar ba, tare ya haɗa shi da mai karɓa. Shi ya sa fayil ɗin nan mai rasit yake da daraja a wurina fiye da kuɗin da ya ci.

Yanzu inda suka gaza, don suna da shi.

Wayarsu ba ta da daɗi. Yaron da ke bin kayana mai ladabi ne kuma yana jin Hausa, amma shi kaɗai ne mai ji a ofishin, in yana cikin tasha sai ka wuni ba ka san halin da ake ciki ba. Duk takardunsu da Turanci ne, har da yarjejeniyar da ake sa wa hannu, alhali yawancin masu shigo da kaya daga Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari ba da Turanci suke lissafinsu ba. Shafi ɗaya na bayani da Hausa ba zai gagare su ba, na kuma faɗa wa manajan haka. Ba sa aiki Asabar da Lahadi, kuɗin ajiya kuwa bai san ƙarshen mako ba. Ba sa ba da bashi ko na kwana ɗaya. Ba sa karɓar kayan haɗaka, wato mai katan ashirin ko talatin da ke shiga kwantenar wasu ba shi da wuri a wajensu, domin sun ce ba za su rantse kan kayan da ba su san mai su ba. Na fahimci dalilin, amma ƙananan 'yan kasuwa su ne aka fi tatsa, kuma su ne aka bari a waje.

Sai ƙiyasinsu na farko, wanda ya zo ƙasa da abin da na biya. Canjin dalar da ake lissafa kuɗin fito da shi yana motsi, a 2024 ma sau da yawa aka sauya shi, wannan ba laifinsu ba ne. Laifinsu shi ne ba su rubuta mini tun farko cewa adadin zai iya hawa ba, sai da na gan shi.

A hanyar Arewa an tsayar da tirelar, direban ya miƙa kwafin takardu, aka duba lambobin, aka sake shi. Ban kwana da waya a kunne ina neman wanda ya san wani ba. Ɗan abin da direbobi ke saki a shingaye kuwa, kamfanin ya faɗa mini ƙarara cewa motar haya ce, ikonsa bai kai can ba, kuma ba zai rubuta mini shi a takarda da wani suna ba. Na fi son wannan amsar da a ce mini komai tsaf ne.

Wahalar da ta rage tana kasuwa. Akwai mai sayar da keke irin nawa ƙasa da farashina, kuma na san ba a masana'anta ya samo ragin ba. Telan da ya tara kuɗinsa da ƙyar ba zai tambayi takardar fito ba, araha zai bi, ba kuma na ganin laifinsa. Inda na samu sauƙi shi ne wajen masu saye da yawa: wata cibiyar koyar da ɗinki ta nemi shaidar yadda kayan suka shigo kafin ta biya, na ɗauko fayil na ajiye mata a teburi. Banki ma ya fi sauraron mai irin wannan takarda. Kuma a karon farko na san ainihin nawa kowane keke ya tsaya mini kafin in sa masa farashi.

Ga mai cikakkiyar kwantena da rajistar kasuwanci da ɗan jarin da zai iya jure jinkiri, ina ba da shawarar su. Mai kayan Sallah da ya makara, ko mai juya kuɗin aro da kwanaki ƙidayayyu, zai sha wuya da su. Na tambaye su ko za su riƙa kai kaya tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a farkon 2023, a yi fiton a nan Kano, suka ce ba su da ma'aikaci a can tukuna. Wanda zai gwada su ya kai musu takardunsa tun kayan ba su bar Sin ba, domin ba sa karɓar kwantenar da ta riga ta hau ruwa ba tare da Fom M ba.