Allon Oware mai naɗewa: sharhi ga iyayen da ke son yara su taɓa lissafi a lokacin hutu

Bayan na yi amfani da shi da yara 'yan shekara biyar zuwa goma sha biyu a hutun makaranta nan Kumasi, hukuncina shi ne allon Oware (wasan gargajiya na mutum biyu da ake zuba 'ya'ya a ramuka, waɗanda ake kira gidaje) na katako mai naɗewa ya ci kuɗinsa. Sai dai shi allon ba ya koyar da kowa komai. Idan babba bai zauna yana jefa tambaya kafin yaro ya ɗebi 'ya'ya ba, wasa kawai za a yi a tashi.

Ana samunsa wajen masu sassaƙa a Cultural Centre da ke Bantama, da cikin kasuwar Kejetia, mutanen Accra kuma su duba Arts Centre. Katako biyu ne da hinji ya haɗa, kowanne da gida shida, ga 'yar ƙugiya ta rufewa, ga 'ya'ya 48, irin masu santsin nan masu ruwan toka. Kafin ka biya, ka ƙirga 'ya'yan a gaban mai sayarwa, domin guda ɗaya in ta ɓace lissafin wasan ya karkace. Sannan ka zuba 15 a gida ɗaya ka gani. Nawa, wanda na saya hannun wani masassaƙi, gidajensa ba su da zurfi sosai, da sun wuce goma sha biyu sai su gangara gidan maƙwabci, yara kuma su hau gardama. Ka nemi mai zurfin kamar santimita uku. Ka duba hinjin ma: wanda aka kafa da ƙananan ƙusoshi yana saurin kwancewa a hannun yara, mai noti ya fi riƙo. Katakon da bai bushe ba kuwa, hunturu na shigowa zai lanƙwashe har ya ƙi rufuwa.

Ƙa'idar Abapa, wadda manya ke bi, gajera ce. Kowane gida ana zuba huɗu. Ka kwashe gida ɗaya na layinka, ka bi daga hagu zuwa dama kana ajiye ɗaya-ɗaya har ka haura layin abokin wasa. Idan ɗiyarka ta ƙarshe ta faɗa gidansa ta mai da shi biyu ko uku, ka ci, kuma ka ci gaba da kwashe gidajensa na baya muddin su ma biyu ne ko uku a jere. Wanda ya tara 25 ya yi nasara. In layin abokinka ya ƙare ƙaf, dole ka ba shi in kana da hali.

Ɗan shekara biyar ba ya buƙatar wannan duka. Aikinsa shirya allo: huɗu, takwas, goma sha biyu, har 48. Ka tambaye shi nawa ne a layinsa, ya gano 24 da kansa, sannan ka tambaye shi me ya sa 25 ce ke cin wasa. Kuskuren da ƙanana suka fi yi shi ne baki ya riga hannu, ya ce "biyar" alhali huɗu ya ajiye. Maganinsa a sa shi ya saki ɗiya ɗaya kafin ya furta lamba.

Inda allon ya fi burge ni shi ne 'yan shekara bakwai zuwa tara. Ka manna 'yar takarda ka rubuta wa gidajen lamba, na yaron 1 zuwa 6, na abokin wasansa 7 zuwa 12. Doka ɗaya ce: ba a taɓa 'ya'ya sai an faɗi inda ta ƙarshe za ta sauka. Gida na 4 mai ɗauke da biyar zai ƙare a na 9. Gida na 2 yana buƙatar aƙalla biyar kafin ya taɓa layin abokin wasa. Idan jimla ta wuce 12, a cire 12: gida na 5 mai 'ya'ya tara ya ba da 14, ke nan a gida na 2 za ta sauka, babu ci. Yaro yana yin tarawa da ɗebewa da ka sau da yawa a wasa ɗaya, kuma shi ke matsa wa kansa, tunda in ya yi kuskure yayarsa ce za ta kwashe.

Manyan yara sai a kai su ga babban gida, wato mai 12 ko fiye. A nan ne har iyaye ke ruɗewa. Gidan da aka kwashe ana tsallake shi in an zagayo, don haka zagaye ɗaya 11 yake ci, ba 12 ba. Gida na 6 mai 'ya'ya 15: cire 11, saura huɗu, ta ƙarshe za ta sauka a na 10. Gidaje 7 zuwa 10 kowanne ya sami biyu a wannan zubi, saboda haka in dama babu komai a cikinsu ko ɗaya-ɗaya ce, duka huɗun sun zama abin ci. Wannan shi ne rabawa da saura da ake yi a aji, sai dai a nan yaro yana ganin amfanin sauran da idonsa. Wanda ke raina wasan ya sani cewa sai a 2002 wasu masana kwamfuta biyu a Amsterdam, John Romein da Henri Bal, suka bi yanayin allo sama da biliyan 889 kafin su tabbatar cewa in kowa bai yi kuskure ba, kunnen doki ake tashi.

Abin da ba zai yi maka ba: bai shafi dukkan jadawalin sau ba, babu kason lamba, babu awo, kuma yaro ba ya rubuta komai. Ga mai shirin BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, hutun ƙwaƙwalwa ne kawai. Ana iya toshe ɓarakar rubutun da littafi ɗaya: kowane wasa a rubuta abin da kowa ya ci, a tabbata jimla da abin da ya rage a allo sun koma 48.

Wasa biyu bayan La'asar sun isa, na uku yara kan koma zuba 'ya'ya ba tunani. Gidan da ke da mai rarrafe a yi wasan a kan tebur a kuma ƙirga 'ya'ya kafin a rufe, domin girmansu daidai na shaƙewa ne. In wasu sun ɓace, ƙwallon dabino yana maye gurbi. Gyaɗa kam ba ta kai ƙarshen wasa. Wanda kuma yake son ya gwada kafin ya kashe sidi, ya yanki layi biyu na gida shida-shida daga kiret ɗin ƙwai, amma ya rage da ƙananan yara kawai, domin ramukansa ba sa ɗaukar babban gida.