Sharhi kan autofs, manhajar da ke ɗora faifai ta sauke shi da kanta a Linux

Aikin autofs guda ɗaya ne: ba ta ɗora faifai (wato haɗa shi da wata folda domin a iya shiga cikinsa) sai an nemi wani abu a cikinsa, idan kuma aka daina taɓa shi na ɗan lokaci, sai ta sauke shi. Kyauta ce, tana cikin rumbun manhajojin Debian da Ubuntu da Fedora, shirinta da ke gudana a bayan fage kuma sunansa automount. Ga mai rubutun umarni da ke kwafe bayanai zuwa faifan waje cikin dare, samun wadda ta fi ta sai an tona, duk da tana da halin da sai an yi haƙuri da shi.

Fayil biyu ake taɓawa. A cikin /etc/auto.master a ƙara wannan layi:

/auto /etc/auto.faifai --timeout=60 --ghost

A cikin /etc/auto.faifai kuma:

ajiya -fstype=ext4,rw :/dev/disk/by-uuid/LAMBAR-FAIFAI

Lambar da za a sa a gurbin LAMBAR-FAIFAI, wato UUID na faifan, ana samun ta da umarnin blkid. Kada a rubuta /dev/sdb1, domin faifan da ke sdb yau yana iya zama sdc gobe idan an riga shi cusa wani. Ɗigo biyun da ke gaban /dev dole ne, su ke nuna cewa faifan na cikin wannan kwamfutar ne. Daga nan sai systemctl restart autofs. Da zarar wani shiri ya leƙa /auto/ajiya, faifan ya hau, bayan daƙiƙa 60 babu motsi kuma ya sauka. Amfanin --ghost shi ne a riƙa ganin sunan foldar ko faifan bai hau ba.

Inda ta fi burgewa shi ne yadda take rage wa rubutun umarni nauyi. Babu mount a farko, babu umount a ƙarshe, rsync, shirin kwafe bayanai, kawai zai nufi /auto/ajiya. Kuma tana toshe wata ɓarna da ta zama ruwan dare: a tsarin da aka saba, idan ɗora faifai ya gaza, foldar /mnt/ajiya tana nan fayau, rsync bai san bambanci ba, sai ya yi ta zuba bayanai a babban faifan kwamfuta har ya cika maƙil. A ƙarƙashin autofs, faifan da bai hau ba hanyarsa a rufe take, kwafin zai tsaya da kuskure nan take. Wannan kaɗai ya isa dalilin girka ta.

Ta kuma fi dabarar kiran mount daga dokar udev, tsarin da ke lura da na'urorin da aka cusa wa kwamfuta. Shirin systemd-udevd, mai zartar da dokokin udev, yana aiki ne a keɓantaccen muhalli, don haka faifan da aka ɗora ta can sau da yawa sauran shirye-shirye ba sa ganinsa, kuma yana kashe duk aikin da ya daɗe yana gudana, abin da ke karya ntfs-3g, shirin da ke ɗora faifan NTFS na Windows.

Babban aibinta shiru. Idan aka yi kuskure a layi, amsar da za a samu kawai ita ce babu wannan folda, ba tare da bayani ba. Magani shi ne a tsayar da ita, a kunna automount -f -v a tagar umarni ɗaya, a gwada shiga foldar daga wata tagar. Bayan gazawa kuma takan ƙi sake gwada wannan sunan har daƙiƙa 60, sai mutum ya gyara kuskurensa ya ɗauka gyaran bai yi ba. Haka nan tana mamaye duk foldar da aka ba ta a auto.master: wanda ya rubuta /home ko /mnt zai ga kayansa sun ɓace daga gani har sai an tsayar da ita. Fayil ɗin auto.faifai ma kada a ba shi izinin gudana, in ba haka ba za ta ɗauke shi shiri ne ta yi ƙoƙarin kunna shi.

Saukewar ma da sharaɗi. Tagar umarni ɗaya da aka bari a cikin foldar ta isa ta hana faifan sauka, kuma fuser -vm /auto/ajiya zai nuna mai riƙe da shi. Kafin a zare waya a duba /proc/mounts, kada a yi ls, domin leƙawar kanta tana sake ɗora shi. Mai gaggawa ya aika pkill -USR1 automount, duk faifan da ba a amfani da shi zai sauka. Faifan exFAT ko FAT kuma yana buƙatar uid da gid, wato lambar mai amfani da ta rukuninsa, a layinsa, in ba haka ba root, babban mai iko da kwamfutar, kaɗai zai iya rubutu a ciki.

Mai faifai ɗaya tak zai iya wadatuwa da layin /etc/fstab mai noauto,x-systemd.automount,x-systemd.idle-timeout=60, ya fi sauƙi. Amma idan faifai sun yi yawa, ko akwai rumbunan NFS (foldoji da ke wata kwamfuta a kan hanyar sadarwa) da ake son alamar * da & su wakilce su a layi ɗaya, autofs ce ta dace.