Wilo ko maskwared a tsakar gidan Sakkwato?

Hajiya, kin ga hoton wilo, itacen nan mai rassa masu zubowa ƙasa, kina tambaya ko shi ko maskwared za ki dasa a gida. Ki ɗauki maskwared, doguwar bishiyar adon nan da ake jerawa a jikin katanga, ki bar wilo.

Ni maskwared nake da su jere a gindin katangata a Arkilla. Da na sayo su ko gwiwata ba su kai ba, yanzu sun wuce rufin ɗaki. Rassan a sunkuye suke kamar yadda kika gani a hoton wilon, sai dai shi maskwared a tsuke yake tashi sama, ba ya baje kai. Sabon ganyensa jaja-jaja yake fitowa, mai laushi, ya koma kore shar, bakinsa a lanƙwashe. Mahaifiyata in ta zo, a nan take sa a shimfiɗa mata tabarma bayan la'asar, don iska na kaɗa ganyen tana jin daɗin ƙarar. Asalinsa daga Indiya da Siri Lanka ne, ya saba da zafi, kuma ko cikin hunturu ba ya tsiraita. A shekara biyun farko yana son ban ruwa sosai, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafinmu ke haura digiri 40. Ki ba su tazarar kamar mita 2, ki sa taki, ki riƙa duba gindin saboda gara. Inuwarsa dai kaɗan ce. In inuwar zama kike so da tsakar rana, ki haɗa da dogon yaro guda.

Wilo kam kyakkyawa ne, ba musu. Amma itacen arewacin Sin ne, na bakin ruwa da sanyi. Irin wilon mai launin ruwan ɗorawa da ɗan gajeren da ake dasawa a tukunya duk sun fi son sanyin Turai. Mu da ruwan sama ke zuwa mana daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa mai sayar da ruwa ne zai cinye kuɗinki. In ma ya rayu, saiwarsa bin danshi take, ta kutsa bututu da sokawe, shi ya sa ake nisanta shi da gini kamar mita 15. Sai mai fili a fadama irin ta Kwalkwalawa ya gwada.

Ki yi hattara da wasu masu sayar da dashe a bakin titi. Da kin nuna hoto a waya za a ce akwai, a miƙo miki ɗan turare mai siririn ganye a kuɗin wilo. Ki tsinki ganye ɗaya ki murza, in ya yi ƙamshin man zafi to turare ne. Ko maskwared ɗin ma ki ɗaga ledar ki ga saiwa ta leƙo ta ƙasa kafin ki biya. Ki jira ruwa ya zauna a Yuli sannan ki dasa.