Baƙi da fari ko mai kala: ga abin da ke rataye a bangona

'Yar uwa, kin tambaye ni ko hoton baƙi da fari za ki yi wa Baba a situdiyo ko mai kala. Ki yi baƙi da fari, ki huta.

Hotunan kakarmu biyu ke gare ni, Allah ya ji ƙanta, kuma rana ɗaya aka ɗauke su, a kan kujera ɗaya. Da aka zo na baƙi da farin, mai hoton ya kashe fitilun da ke haske ta gaba da gaba, ya bar guda ɗaya daga gefen hagu, ya kafa farin allo a dama don inuwar kada ta yi duhu da yawa. Tsohuwa ta haɗe rai, ta ce ita ba ta ga abin dariya ba. Sai ya ce ta lissafo masa jikokinta. Ta fara ƙirga da yatsu, ta zo kan na tara ta manta sunan, ta kwashe da dariya, nan ya danna. Yau idan na tsaya gaban hoton ina ganin jijiyoyin bayan hannunta, da silin furfurar da ya leƙo gefen kunne, da ɗigon haske a cikin kowane ido. Baƙo bai taɓa shigowa ya wuce shi bai tambaya ba.

Mai kalar kuwa yana cikin akwati. Labulen bayanta ya fi fuskarta ɗaukar ido, jan idonta na tsufa ya fito, kuma bayan 'yan shekaru yana fuskantar taga sai duk ya koma ja-ja. Idan launin kaya kike so ya zauna miki, to, yana da ranarsa.

Koɗewar nan tana da dalili. Hoton kala rini uku ne a jikin takarda, kuma ba tare suke koɗewa ba, shi ya sa ɗaya ke rinjayar sauran. Baƙi da fari na zamanin da kuwa ƙwayoyin azurfa ne, ba rini ba. Seydou Keïta, wani mai hoto ɗan ƙasar Mali, ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, yawanci da hasken rana yake aiki a tsakar gida, kuma nagatif ɗinsa, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, sun jure har aka sake wanke su aka baje su a birnin Paris a 1994. Ki nemi hotunansa ki ga yadda fuskar babba take cika hoto ba tare da launi ko ɗaya ba.

Amma ki yi hattara, ko da ba ki tambaya ba. Yawancin masu hoto yanzu da kyamarar dijital suke ɗauka, mai kala, sannan su juya shi a kwamfuta. Wannan ba laifi ba ne, ribarki ce ma, don mai kala yana komawa baƙi da fari, baƙi da fari kuwa ba ya dawo da launinsa na asali. Ha'incin yana wajen wanki. Wani zai danna maɓalli ɗaya, ya tura wa injin kala na yau da kullum, ya karɓi kuɗin aikin gwani. Ki ce ya ba ki samfurin aikinsa, ki fita da shi hasken rana. In baƙin ya karkata zuwa kore ko shunayya, ki kama gabanki. Ki nemi tawadar da suke kira figment, a kan takarda marar sheƙi, kuma a sa kwali a firam ɗin yadda hoton ba zai manne da gilashi ba.

Sai masu goge fuska. Ni an taɓa yi mini da hoton mahaifiyata: aka share tamojin fuskarta tas, ta fito sumul kamar 'yar tsana, ita kanta ta ce wannan wace ce. Tun kafin a zauna ki faɗa masa ƙarara kada ya taɓa layi ko ɗaya a fuskar Baba.

Ki yi ciniki har da ainihin fayil ɗin, na kalar da na baƙi da farin, don wasu riƙewa suke sai kin dawo kin sake biya. Hoto mai inci 8 da 10 yana son fayil mai fiksel 2400 da 3000 (fiksel su ne 'yan ɗigogin da ke haɗa hoton dijital). In ta WhatsApp zai turo, ya turo a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi.

Ki kai shi da safe kafin ya gaji, a ba shi kujera mai majingina. In yana sa tabarau kada a cire masa, a ɗan sunkuyar da su ƙasa kaɗan don fitila kada ta haska a gilashin. Kuma ki ce a ɗauki hannuwansa su kaɗai, guda ɗaya.