Wincin da na ɗaura wa Hilux ɗina: ƙarfi akwai, matsalar tana wajen wuta

Winci inji ne mai naɗe igiyar ƙarfe don jawo mota in ta kafe. Nawa na lantarki ne mai bolt 12, ƙirar Chaina, an rubuta a jikinsa yana jan fam 12,000, wato kusan kilo 5,400. Na ɗaura shi ne saboda ɗauko tumatir da albasa daga gonakin rani na bakin kogin Galma a Zariya, inda mota kan kafe a yashi ko a taɓon fadama ko da damina ta daɗe da ɗaukewa. Wajen ja kam ba ni da ƙorafi. Ya sha fitar da ni da kaya niƙi-niƙi, ya fitar da wasu ma.

Abin da ban ji daɗinsa ba, kuma har yanzu yana ci mini rai, shi ne babu makunnin yanke wuta a cikin kwalinsa. Jar wayar nan mai kauri daga kan batir take miƙewa har akwatin solonoyid, wato abin da ke ba injin wincin wuta in an danna rimot, da wuta a jikinta dare da rana ko mota a kashe take. In nauyi ya yi nauyi, irin wannan inji kan zuƙi amfiya 400 ko fiye, don haka fis ɗin mota da muka saba da shi ba zai ɗauka ba. Mai gyaran wutar da nake kai wa aiki a Sabon Gari ya ɗaga wayar, ya nuna mini inda bakin bamba ya fara cin robarta har jan ƙarfe yana leƙowa. Ya ce, "Alhaji, wannan in ta taɓa bodi, kafin ka lalubo sifana ka kwance kan batir, mota ta kama." Ya zura ta a tiyo, ya ɗaure ta nesa da ƙarfe, ya sa makunni dab da batir. Wanda zai sayi winci ya haɗa kuɗin wannan aikin a lissafinsa tun farko.

Takardar da ta zo da shi ta cika da maganar ƙanƙara da gishirin da ake watsawa a titi, abin da ya shafi su Kanada da Rasha. Namu hunturun ƙura ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu buji kan shige akwatin solonoyid da ramin da ake jona rimot, sai ka danna ka ji ƙas-ƙas kawai, injin bai motsa ba. Ina hure su da iska, ina rufe wincin da guntun tamfol. Farin garin da ke taruwa a kan batir kuma ruwan ɗumi da bekin soda ke wanke shi, sannan a shafa ɗan giris.

Sanyin asuba na Zariya yana rage wa batir kuzari, musamman wanda ya kwana biyu. Shi ya sa ba na ja sai mota na kunne, ina ɗan taka totur don altaneta ta taimaka. In ja kaɗan, in tsaya; in na ɗora hannu a jikin injin wincin na ji zafin ya hana ni riƙewa, sai ya huce. Igiyar ƙarfen tana fitar da ƙananan tsinke masu huda tafin hannu, dole sai da safa mai kauri, kuma ina barin aƙalla zagaye biyar a kan gangar da take naɗuwa a kai. Kafin a fara ja nakan yafa tsohon bargo a tsakiyarta, in kori yaran gona su yi nisa, don in ta tsinke bulala take yi.

Zan sake sayen irinsa. Murfin ramin rimot ɗin ne kawai roba mara ƙwari, tun hunturun farko ya tsage.