Sabuwar kwamfuta tana tafiyar hawainiya: SSD za ka saya, RAM ko katin hoto?

Ka haɗa kwamfutar tebur da hannunka, ka zuba kuɗi masu kauri, amma da ka kunna ta sai ta riƙa jan ƙafa. Windows sai ya ɓata minti biyu kafin ya buɗe, kowace manhaja sai ka jira ta. Sana'ata tace bidiyon biki ce, na haɗa injuna da dama wa kaina da abokan aiki, kuma na ga yadda mutum ke komawa kasuwa a fusace ya sayo abin da ba shi ne maganin ba.

Kafin ka zaro ko sisi, duba abubuwan da ba sa cin kuɗi. RAM, wato ƙwaƙwalwar da inji ke riƙe aikin da yake yi a lokacin, nau'in DDR4 da aka rubuta gudun 3200 a jikinsa yakan tashi a 2133 ko 2400, sai ka shiga BIOS (saitunan da ake buɗewa kafin Windows ya tashi) ka kunna saitin XMP kafin ya ba da cikakken gudunsa. RAM nau'in DDR5 yakan tashi a 4800, kuma a madabod (babban allon da ake haɗa komai a kansa) na AMD sunan saitin EXPO. Idan sandar RAM biyu gare ka, a yawancin madabod ramin na biyu da na huɗu ake sa su. Wayar allon kallo a bayan katin hoto take shiga, mutane da yawa kuwa a madabod suke cusa ta. Sai ledar da ke manne a gindin na'urar sanyaya furosesa, wato abin da ke sarrafa duk aikin inji: in aka manta da ita, zafi zai taru, furosesa ya rage gudunsa da kansa, balle a zafin Afrilu da ɗaki ke zama kamar tanda. Idan duk wannan daidai yake, buɗe Task Manager na Windows lokacin da injin ke nauyi, ka ga wanne ne ya cika ɗari bisa ɗari tsakanin furosesa, RAM da ma'ajiya.

Sauya furosesa a injin da bai yi wata ɗaya ba ɓarnar kuɗi ce. Katin hoto kuma wasa da fitar da bidiyo yake taimakawa, ba ruwansa da jinkirin tashin Windows. RAM yana da hujja idan 8GB gare ka kuma kana ganin ya cika: kai shi 16GB, ka sayi sanduna biyu iri ɗaya, ka wuce wurin.

Inda na fi samun ɓarawon shi ne ma'ajiya. Mutum ya sayi komai sabo, kuɗi suka ƙare, sai ya ciro tsohon faifai mai juyawa daga tsohuwar kwamfuta ya ɗora masa Windows. Irin wannan faifan da ƙyar yake kai megabait 200 a daƙiƙa, kuma wajen tsinto ƙananan fayiloli ya fi haka rauni nesa, domin allura ce ke yawo a kansa tana nema. SSD, wato faifan da babu abin da ke juyawa a cikinsa, mai amfani da tsohuwar hanyar haɗi ta SATA, irin Crucial MX500, yana kai wajen 550, kuma a nan hanyar SATA ta tsaya. Ya isa tsohon inji, amma sabon madabod mai ramin M.2, inda ake cusa siririn SSD kai tsaye, ya fi ƙarfin haka. SSD nau'in NVMe da ke shiga wannan ramin a kan hanyar PCIe 3.0 yana kai kusan 3,500, na PCIe 4.0 kuma wajen 7,000.

Zaɓina Samsung 990 Pro mai 1TB ne, kuma ba na ɓoyewa. Yana karatu har megabait 7,450 a daƙiƙa, yana da ƙwaƙwalwar DRAM tasa wadda ke riƙe taswirar inda kowane fayil yake, kuma kamfanin ya ba shi garantin shekara 5 ko rubutun terabait 600. Ga mai juye bidiyon biki uku a mako, wannan lambar ta ƙarshe tana da nauyi. Gaskiya wajen buɗe Windows kaɗai ba za ka ji bambanci mai yawa tsakaninsa da NVMe mai araha ba. Bambancin yana fitowa ne lokacin da ka jefa masa gigabait 200 a tashi ɗaya, inda masu araha kan fara da gudu sannan su sare a tsakiyar hanya. WD Black SN850X sa'ansa ne, in ka samu da rahusa ɗauka. Kingston NV2 ba shi da DRAM, na bar wa mai aikin ofis.

Abin da ya fi ɗaure ni ga Samsung shi ne manhajarsu ta Magician, wadda ke nuna ko faifan na asali ne. Wannan ya zama ma'aunina na farko tun ranar da aka cuce ni. Na taɓa sayen SSD mai 1TB a wani shago a kusan rabin kuɗinsa, mai shagon ya ce kaya ne da suka shigo da sauƙi. Windows ya nuna 1TB cif. Na zuba bidiyon ɗaurin aure da kamu da dina na wata amarya, na goge katunan kyamara don aikin gobe. Da na zo tacewa, fayilolin suna nan da sunayensu amma mafi yawansu sun ƙi buɗewa. Ashe cikinsa bai wuce gigabait 120 ba, an yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ne tana faɗin ƙarya, duk abin da ya haura haka yana bin iska. Ni na je gaban mahaifin yarinyar na faɗa masa. Na mayar da kuɗin, amma biki ba ya maimaituwa, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Don haka ka saurare ni da kyau. Duk faifan da ka saya, ka gwada shi da H2testw kafin ka ɗora masa komai naka. Manhajar tana cika shi da bayanai har baki sannan ta karanta su, ko zai ɗauki sa'o'i ka bar ta ta gama. CrystalDiskInfo zai nuna maka sa'o'in da faifan ya yi a kunne da yawan abin da aka taɓa rubutawa a kansa, ta nan ake kama tsohon da aka sake wa kwali, kodayake ƙwararrun macuta na iya goge wannan lissafin. CrystalDiskMark zai auna gudu: idan an ce maka NVMe ne amma ya tsaya a 500, ko dai M.2 mai SATA aka ba ka, ko jabu. Ka dubi lambar da ke jikin kwali ta yi daidai da ta jikin faifan da wadda manhaja ta nuna. Takardar da aka manna a karkace, ko rubutu mai dishi-dishi, alama ce. Jabun ba a SSD ya tsaya ba. An sha sayar da tsohon katin hoto GTS 450 da sunan GTX 1050 Ti, manhajar GPU-Z na tona irinsu, CPU-Z kuma zai faɗa maka ainihin kamfani da gudun RAM ɗinka.

Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a rubuta min rasit da lambar faifan, kuma a ba ni kwana uku in gwada." Idan ya ce kayansa ba a dawowa da su, ka riƙe kuɗinka ka shiga shago na gaba. Idan ya yarda, ka sa faifan a ramin M.2 mafi kusa da furosesa, ka cire ledar da ke kan ƙarfen sanyayawar madabod, sannan ka ɗora Windows sabo a kansa, tsohon faifan ya zama rumbun ajiyar ayyukan da ka gama.